Rangwamen Haraji Don Gina Gidaje Masu Sauƙin Haya: Nazari a Kan Dokar 421-a ta Birnin Niyok

1.0 Gabatarwa

Duk babban birnin da jama'a suka yi wa yawa, hukumarsa kan sami kanta a tsakanin hanyoyi biyu dangane da matsugunin masu ƙaramin ƙarfi. Ko dai ta ɗebi kuɗi daga baitulmali ta gina gidaje da kanta ta ba da su haya, ko kuwa ta lallashi 'yan kasuwa su yi ginin da jarinsu, ita kuma ta saka musu da wani rangwame. Hanya ta biyu ita ce ta yi rinjaye a biranen Amurka tun daga shekarun 1970, kuma birnin Niyok yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna gwada ta, suka kuma fi sarayar da dukiya a kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda irin wannan rangwame yake aiki, ta hanyar bin tarihin doka guda da aka fi sani da lambarta, watau 421-a, wadda ta yi aiki daga 1971 zuwa 2022. Abin da tarihin ya nuna shi ne, rangwame ciniki ne tsakanin gari da mai gini, kuma ribar da gari zai ci ta rataya ne a kan yadda aka fayyace ma'anar waɗansu 'yan kalmomi a cikin dokar: wane fili ne ya cancanta, sauƙin hayar ga wane ne, kuma har zuwa yaushe.

Ya kamata a fara da daidaita kalmomi biyu. A tsarin zaman Hausawa, gida ɗaya kan ƙunshi sassa da yawa, kowane magidanci da sashensa, amma ƙofar shiga ɗaya ce. Saboda haka a nan za a riƙa kiran ginin gaba ɗaya da sunan "bene", sa'an nan a kira mazaunin iyali ɗaya a cikinsa, mai ɗakuna da madafa da makewayi na kansa, da sunan "sashe".

2.0 Dalilin Ba da Rangwame

Mai son gina benen haya yakan yi lissafin abubuwa huɗu kafin ya sa harsashi: kuɗin fili, kuɗin kayan gini da ladan ma'aikata, ruwan bashin banki, da kuma harajin da zai riƙa biya kowace shekara. In hayar da zai karɓa ba za ta rufe waɗannan ta bar masa riba ba, to, ba zai yi ginin ba, banki ma ba zai ba shi rance ba. Idan kuwa aka ce ya ware waɗansu sassa ya ba da su a ƙasa da farashin kasuwa, an buɗe masa giɓi ke nan a cikin lissafin, kuma dole a sami abin da zai cike shi. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hukumar gari tana da abubuwa biyu a hannunta da za ta iya cike giɓin da su ba tare da ta fitar da tsabar kuɗi ba. Na farko shi ne ta yafe harajin ginin na waɗansu shekaru. Na biyu shi ne ta ba da izinin a gina bene mafi girma fiye da yadda ƙa'idar unguwar ta yarda, domin hayar ƙarin sassan ta biya asarar masu sauƙin. Niyok ta yi amfani da duka biyun, amma na farkon ya fi nauyi a can saboda wani dalili na musamman. Wata doka ta 1981 ta kasa kadarorin birnin aji huɗu, kuma a ƙarƙashinta benayen haya suna biyan haraji mai nauyi ƙwarai in an kwatanta da ƙananan gidaje masu ɗaukar iyali ɗaya zuwa uku. Don haka yafe haraji a Niyok babban al'amari ne ga mai gini. Har ila yau, ya kamata a lura cewa majalisar jiha da ke Albany ita ce take rubuta dokar rangwamen, alhali kuwa baitulmalin birnin ne yake ɗaukar asarar.

3.0 Asalin Dokar 421-a

An kafa dokar a 1971, zamanin da John Lindsay yake magajin gari, Nelson Rockefeller kuma yake gwamnan jiha. A lokacin birnin yana cikin mawuyacin hali. Masu hannu da shuni da matsakaita suna ta ƙaura zuwa garuruwan kewaye, ginin sababbin gidaje kuma ya ja baya. Ƙidayar 1970 ta sami mutum kusan miliyan 7.9 a birnin, amma ta 1980 ta sami ɗan abin da ya haura miliyan 7 kawai, watau an yi asarar kimanin mutum 800,000 cikin shekara goma. A 1975 kuwa saura ƙiris birnin ya kasa biyan basussukansa.

A cikin irin wannan yanayi, abin da hukuma take nema shi ne a yi gini ko wane iri ne. Saboda haka dokar ta farko ba ta ɗora wa kowa sharaɗin ware sassa domin matalauta ba. Tsarinta mai sauƙi ne. Wanda ya gina sabon bene a kan fili fayau, ko filin da ba a ci moriyarsa sosai ba, zai ci gaba da biyan haraji bisa darajar da filin yake da ita kafin gini, amma za a yafe masa harajin ƙarin darajar da ginin ya kawo, sa'an nan a riƙa janye rangwamen sannu a hankali har ya ƙare cikin shekara goma. Hujjar masu dokar ita ce gari bai yi asarar kome ba, tun da in ba don rangwamen ba da ginin ma bai tashi ba balle a karɓi harajinsa. Wannan hujja tana da ƙarfi muddin dai gaskiya ne cewa ba za a yi ginin ba sai da rangwame. Rigimar shekara hamsin da ta biyo baya duk a kan wannan sharaɗi ta ta'allaƙa.

4.0 Wane Fili, Kuma a Ina?

Kalmar da ta fara jawo shari'a ita ce wadda aka fassara a sama da "filin da ba a ci moriyarsa sosai ba". A farkon shekarun 1980 Donald Trump ya rushe ginin kantin Bonwit Teller da ke kan Titi na Biyar a Manhattan, ya gina dogon benen nan mai suna Trump Tower a gurbinsa, sa'an nan ya nemi rangwamen 421-a. Hukumar magajin gari Ed Koch ta hana shi, bisa hujjar cewa filin da yake ɗauke da babban kanti a ɗaya daga cikin titunan da suka fi tsada a duniya ba za a ce ba a ci moriyarsa ba. Magana ta kai har kotun ƙoli ta jihar, wadda ta ga cewa hukuma ta ƙara wa kalmar wani sharaɗi da majalisa ba ta sa a cikin doka ba, kuma a 1984 ta yanke hukunci a ba shi rangwamen. Ta haka benen attajirai ya ci moriyar dokar da aka yi domin ceto garin da ake gudu.

A 1985 aka yi gyara na farko mai muhimmanci. An keɓe tsakiyar Manhattan, kimanin daga Titi na 14 zuwa Titi na 96, aka ce duk mai son rangwame a wannan yanki sai ya samar da sassa masu sauƙin haya. Yana iya ware kashi 20 cikin ɗari na sassan benensa, ko kuwa ya sayi waɗansu takardun shaida daga hannun wanda ya gina gidaje masu sauƙi a wata unguwa dabam. Kuɗin takardun shi ne yake taimaka wa wancan gini. A zamanin magajin gari Michael Bloomberg an faɗaɗa yankin da aka keɓe, an kuma rufe hanyar ba da sababbin takardu, gyaran da ya fara aiki a 2008.

Dalilin rufe ta ya fito fili a labarin benen One57. A 2013 majalisar jiha ta yi wani tanadi na musamman da ya ba wannan bene da waɗansu guda huɗu damar samun rangwamen. A ƙarshen 2014 aka sayar da sashe guda a ƙololuwarsa a kan dala miliyan 100.5. Ofishin kasafin kuɗi mai zaman kansa na birnin ya yi lissafi a 2015, ya gano cewa rangwamen benen zai ci wa gari fiye da dala miliyan 65 cikin shekara goma, abin da aka samu a madadinsa kuwa shi ne sassa 66 masu sauƙin haya a gundumar Bronx. Da hukuma ta riƙe kuɗin ta ba da tallafi kai tsaye, da an sami ninkin wannan adadi sau da yawa.

Ko da aka tilasta a haɗa masu hali da marasa hali a bene ɗaya, sai wata matsalar ta ɓullo. A 2014 aka amince wa wani bene a gefen kogin Hudson ya yi ƙofar shiga biyu, ɗaya ta masu sayen sassa masu tsada, ɗaya ta 'yan haya masu sauƙi, wadda jaridu suka laƙaba wa suna "ƙofar talakawa". Abin ya harzuƙa jama'a, kuma a 2015 aka sa a cikin doka cewa benen da ya karɓi rangwamen dole ne mazaunansa su yi tarayya a ƙofa da zauruka. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, amma sai an rubuta irin askin dalla-dalla.

5.0 Sauƙi Ga Wane Ne?

Kalmar "sauƙi" ba ta tsayuwa da ƙafarta, domin abin da yake da sauƙi ga likita yana iya zama dutse a kan direban tasi. A Amurka an auna ta da ma'auni biyu. Na farko shi ne kason da haya za ta ci daga abin da iyali suke samu. A 1969, bisa gyaran da Sanata Edward Brooke ya gabatar, an ƙayyade cewa hayar gidajen gwamnati kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigar ɗan haya, a 1981 kuma aka ɗaga shi zuwa kashi 30. Wannan kashi 30 shi ne ya zama mizanin da ake kiran haya mai sauƙi da shi.

Ma'auni na biyu shi ne ya amsa tambayar kashi 30 na kuɗin wane. Ma'aikatar gidaje ta tarayya takan fitar da wani adadi kowace shekara wanda ake kira matsakaicin kuɗin shiga na yanki. Yankin Niyok bai tsaya a kan gundumomin birnin biyar ba, ya haɗa har da waɗansu gundumomin kewaye masu arziki kamar Rockland da Putnam, sa'an nan akan ƙara ɗaga adadin saboda tsadar haya a birnin. A 2024 adadin ya kama dala 139,800 a shekara ga iyali mai mutum uku. A Bronx kuwa, inda baƙi 'yan Afirka ta Yamma da yawa suke zaune, ciki har da Hausawan zangunan Gana, matsakaicin abin da gida yake samu a shekarun 2022 da 2023 bai kai dala 50,000 ba.

Muhimmancin wannan bambanci ya bayyana ne a 2017. Dokar ta faɗi a watan Janairu na 2016 saboda ƙungiyar masu gine-gine da ƙungiyar ma'aikatan gini sun kasa daidaitawa a kan lada. Da gwamna Andrew Cuomo ya farfaɗo da ita a watan Afrilu na 2017, an tsawaita rangwamen har shekara 35, an kuma wajabta ware kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na sassan benen haya. Sai dai an ba mai gini zaɓi iri-iri, kuma ɗaya daga ciki ya yarda a ware sassan ga iyalan da suke samun har kashi 130 cikin ɗari na matsakaicin yanki. Bisa adadin 2024, wannan ya kai dala 181,740 ga iyali mai mutum uku. Masu gini da yawa sun karkata ga wannan zaɓi, tun da a unguwanni da dama hayar da ya halatta ba ta da nisa da ta kasuwa. Ga shi dai an cika sharaɗin doka, an kuma karɓi rangwame, amma mutanen unguwar da aka yi ginin a cikinta ba su isa ko su shiga ƙuri'ar da ake raba sassan da ita ba.

6.0 Har Zuwa Yaushe?

Sharaɗi na uku shi ne wa'adi. Niyok ta riga ta ga misalinsa a wani shiri da ya girmi 421-a, watau shirin Mitchell-Lama na 1955, wanda ya ba masu gini rance mai rahusa da rangwamen haraji domin su gina wa matsakaita. Shirin ya samar da sassa fiye da 100,000, ciki har da rukunin Co-op City na Bronx mai sassa fiye da 15,000. Amma an yarda mai bene ya biya sauran bashinsa ya fita daga shirin bayan shekara 20. Sa'ad da farashin gidaje ya hau daga shekarun 1990, masu benaye da yawa sun yi hakan, dubban sassa suka koma farashin kasuwa.

Dokar 421-a ma haka take, domin sauƙin da ta saya na wa'adi ne, wanda a tsarin 2017 ya kama shekara 35, ko 40 ga waɗansu manyan benaye. Bene kuwa yakan yi shekara ɗari a tsaye. Ma'anar wannan ita ce gari ya yi hayar sauƙin ne na wani lokaci, kuma ranar da wa'adi ya cika sai ya sake biya ko ya rasa shi.

7.0 Kuɗin da Ba a Gani da Hujjojin Ɓangarori

Kuɗin da hukuma ta ware don gina makaranta ko asibiti yakan fito a cikin kasafi, 'yan majalisa su yi muhawara a kansa kowace shekara. Harajin da aka yafe kuwa ba ya bi ta wannan ƙofa, kuma da zarar an ba bene rangwame, alkawarin ya ɗaure gari shekaru aru-aru. A 2022 mai binciken kuɗin birnin, Brad Lander, ya bayyana cewa 421-a tana ci wa gari dala biliyan 1.77 a shekara, ya kuma nemi a bar ta ta mutu a gyara tsarin harajin daga tushe.

Masu goyon bayan dokar su ma suna da hujja mai nauyi. Cibiyar Furman ta Jami'ar Niyok ta nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na sassan da aka kammala a benaye tsakanin 2010 da 2020 sun ci moriyar 421-a. A ganinsu wannan shaida ce cewa benen haya ba ya ginuwa a birnin sai da ita. Masu suka kuwa suna cewa da zarar kowa ya san akwai rangwame, mai fili yakan ɗora darajarsa a kan farashin filinsa, ta yadda wani kaso na abin da gari ya yafe yakan ƙare ne a aljihun mai sayar da fili. Dokar ta ƙare a ranar 15 ga Yuni 2022 ba tare da an sabunta ta ba, neman izinin sababbin benaye kuma ya ragu ƙwarai a shekarar da ta biyo. Binciken gidaje na 2023 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari kawai na sassan haya babu kowa a ciki, adadi mafi ƙanƙanta tun 1968, a birnin da kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansa 'yan haya ne.

A watan Afrilu na 2024, zamanin gwamna Kathy Hochul, aka kafa sabuwar doka mai lamba 485-x. Ta soke zaɓin kashi 130, ta mayar da mizanin kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin yanki, ko kashi 60 ga manyan benaye a waɗansu unguwanni masu tsada, ta kuma mayar da sauƙin na dindindin. A watan Disamba na wannan shekara majalisar birnin ta ƙara da izinin faɗaɗa bene da kimanin kashi 20 cikin ɗari, in dai ƙarin sassan masu sauƙi ne har abada. Duk da haka sabuwar dokar ta zo da nata darasin. Ta wajabta biyan ma'aikatan gini aƙalla dala 40 a awa a benen da ya kai sassa 100, sai ga shi a 2025 an ga yawaitar masu neman izinin benaye masu sassa 99 cif.

8.0 Kammalawa

An ga yadda dokar da aka yi a 1971 domin jawo gini ko wane iri ta rikiɗe sannu a hankali ta zama babbar hanyar samar da sassa masu sauƙin haya a Niyok, da kuma yadda kowane gyara ya zo ne bayan an riga an yi asara. Sai da benen attajirai ya ci shari'a a 1984 aka fayyace wurin da rangwame ya dace. Sai da aka ga sassa "masu sauƙi" sun fi ƙarfin mutanen unguwa aka sauko da mizani, sai kuma da wa'adi ya riƙa cika aka nemi dindindin. Mai gini yana karanta doka ne da alƙalamin lissafi a hannu, kuma ba laifi ba ne a gare shi ya tsaya daidai inda kalma ta tsaya. Nauyin yana kan wanda ya rubuta kalmar. Don haka duk hukumar da take son bin wannan hanya tana bukatar ta san adadin harajin da za ta yafe, da adadin sassan da za ta samu, da abin da iyalan da za su shiga suke samu a zahiri, da kuma shekarun da alkawarin zai ɗauka, tun kafin ta sa hannu. Benayen da suka karɓi rangwamen shekara 35 a ƙarƙashin tsarin 2017 za su ci gaba da cin moriyarsa har cikin shekarun 2050, wasu ma har bayan haka.